Itatuwa Uku da Ƙararrawar da Ta Yi Shiru: Nazarin Ɗaukewar Wutar 14 ga Agusta, 2003

Ranar Alhamis 14 ga Agusta, 2003, jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, wuta ta ɗauke a sassan jihohi takwas na Amurka da kuma lardin Ontariyo na Kanada. Mutum kusan miliyan 50 abin ya shafa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok suka tsaya cak a cikin ramukansu, mutane suka riƙa tsallaka gadoji da ƙafa suna neman gida. A Cleveland famfo ya ƙafe, domin injinan da ke tura ruwan da lantarki suke aiki. Detroit da Toronto da Ottawa duk suka kwana a duhu. Lodin da ya zube, wato wutar da ake sha, ya kai megawat 61,800 (megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne), kuma raka'o'in janareta 508 a tashoshi 265 suka mutu.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka wutar ce ta yi kaɗan, ko wata babbar tasha ta kama da gobara. Ko ɗaya. Kwamitin haɗin gwiwa da gwamnatocin ƙasashen biyu suka kafa, wanda ya fitar da cikakken rahotonsa a watan Afrilu na 2004, ya bi sawun lamarin har zuwa arewacin jihar Ohayo, inda ya tarar da itatuwan da ba a sassabe ba, da kwamfutar da ta daskare, da ma'aikatan da suka shafe sama da awa ɗaya suna kallon allon da ya daina gaya musu gaskiya. Abin da ya sa na zaɓi wannan lamari shi ne, duk wata ƙa'idar da ta yi aiki a ranar tana nan a cikin bangon ɗakin kowa. Girman ne kawai ya bambanta.

Abin da ke gudana a cikin waya

Abu uku ake aunawa. Na farko matsin wuta, wanda ake ƙirgawa da bolt, shi ne ƙarfin da ke ingiza ta. Na biyu kwararar wuta, ana ƙirga ta da amfiya, wato yawan abin da ke wucewa ta wayar. Na uku turjiya, wato yadda wayar ko kayan da aka jona ke hana ta wucewa. Idan aka ninka matsi da kwarara sai a sami wat, aikin da wutar ke yi ke nan. A gidajen Amurka da Kanada soket na bayar da bolt 120, a yawancin sauran duniya kuma 220 zuwa 240. Saboda haka birekar da aka yi wa iyaka da amfiya 15 a kan bolt 120 tana ɗaukar wat 1,800, kuma idan aka zarce haka aka daɗe sai ta faɗi. Faɗuwarta ba lalacewa ba ce. Wayar da ke cikin bango take karewa kada ta yi zafi ta kama da wuta.

Zafin nan shi ne zuciyar labarin. Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumama, kuma ɗumamar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwararar, gaba take yi ta bar ta. In kwarara ta ninka biyu, zafin da wayar ke haifarwa ya ninka huɗu. In ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Dalilin da ya sa ba a ɗauko wuta daga tasha a kan bolt 120 ke nan. Taransifoma ce ke ɗaga matsin zuwa dubban ɗaruruwan bolt domin kwararar ta ragu, a yi doguwar tafiya da ita ba tare da rabinta ya ƙone a hanya ba. A kusa da gari sai a sauke ta mataki-mataki: daga bolt 345,000 zuwa 138,000, daga nan zuwa 'yan dubbai a layukan unguwa, har taransifomar ƙarshe ta mayar da ita wadda fitila za ta iya ɗauka.

Akwai hali guda na wuta da mutane kan manta. Ba ta zaɓar hanya ɗaya. Idan hanyoyi uku suka haɗa tasha da gari, dukkansu za ta bi, ta rabu gwargwadon sauƙin kowace. Babu wani famfo da za a murɗa a ce wa wuta bi nan, kada ki bi can. A ce layukan uku iri ɗaya ne, kowanne na ɗauke da kashi ɗaya bisa uku. Ɗaya ya yanke. Garin bai rage abin da yake sha ba, don haka nan take biyun da suka rage suka raba lodin, kowanne ya ƙaru da rabin abin da yake ɗauka, zafinsa kuwa ya haura ninki biyu. Na biyu ya yanke, na ƙarshe ya ɗauki ninki uku, zafi ninki tara. Ƙarfe kuma in ya yi zafi miƙewa yake yi. Wayar da aka ɗaure tsakanin dogayen turaku biyu sai cikinta ya sauko ƙasa. A matsin bolt 345,000 ba sai ta taɓa reshe ba, kusantarsa kawai ya isa wuta ta yi tsalle ta bi itacen zuwa ƙasa.

Saboda wannan ne masu tafiyar da manyan layuka ke da doka: a kowane lokaci tsarin ya kasance zai iya jure rasa abu guda mafi girma, layi ne ko janareta, ba tare da sauran sun wuce iyakarsu ba. In an rasa ɗin, ana da minti 30 a gyara zama yadda za a sake iya jure rashi na gaba. Dokar tana da sharaɗin da ba a rubuta ba saboda ana ganin a fili yake, wato sai mutum ya san ya yi rashin.

Daga azahar zuwa ƙarfe uku

Ranar an yi zafi, amma irin zafin da aka saba gani a watan Agusta, wajen digiri 31 a ma'aunin Salshiyos. Na'urorin sanyaya ɗaki na ta aiki a yankin Cleveland da Akron da ke arewacin Ohayo, wanda kamfanin FirstEnergy ke ba wuta. Tashar nukiliya ta Davis-Besse tana rufe tun shekarar da ta gabata ana gyara, don haka yankin na jawo wuta mai yawa daga kudu.

Na'urar sanyaya ɗaki da mota take aiki, wato inji mai juyawa da lantarki, kuma irin wannan mota ba wutar aiki kaɗai take sha ba. Tana buƙatar wani kaso da ke kai-kawo tsakaninta da janareta yana gina maganaɗisun da ke juya ta. Wannan kaso ba ya kunna fitila, ba ya dafa komai, amma shi ke riƙe matsin wuta kada ya faɗi. Aibinsa ba ya jure doguwar tafiya, dole a samar da shi kusa da inda ake shan sa, daga janaretocin yankin ko daga tarin kafasita, wato na'urorin da ake jonawa a layi don tallafa wa matsin wuta. In ya yi ƙaranci sai a ga fitila ta dushe, fanka na juyawa da ƙyar. Mutane kan ce an kawo “lo-karan”, alhali matsin ne ya faɗi. Kwararar ma ƙaruwa take yi, domin motar na ƙara ja don ta cike giɓin, shi ya sa take ƙonewa.

A ranar wasu daga cikin tarin kafasitocin FirstEnergy suna kashe ana duba su. Da ƙarfe 1:31 na rana, ana ƙoƙarin matso ƙarin wannan kaso daga janareta na biyar a tashar Eastlake da ke bakin Tafkin Erie, sai ya mutu. Kusan megawat 600 suka tafi, tare da babban abin da ke tallafe matsin wutar Cleveland.

Da ƙarfe 2:14 ƙararrawar ɗakin kula da layukan FirstEnergy ta daina aiki. Manhajar da suke amfani da ita, XA/21 ta kamfanin GE, tana da wani ɓoyayyen kuskure da sai sassa biyu nata sun taɓa bayani ɗaya a lokaci ɗaya yake fitowa. Bai taɓa bayyana ba sai ranar. Sashen ƙararrawar ya maƙale, saƙonni suka taru a bayansa har babbar kwamfutar ta faɗi da ƙarfe 2:41, ta ajiya ta karɓa, ita ma ta faɗi da 2:54. Ma'aikatan kwamfuta sun ga wannan, suka sake tayar da injin, suka ga ya tashi, suka ɗauka komai ya dawo. Ba su gaya wa mutanen ɗakin kula cewa ƙararrawa ta mutu ba, su kuma ba abin da ya nuna musu.

A ganina nan ne lamarin ya fi ban tsoro. Da allon ya yi baƙi, da kowa ya miƙe. Amma allon na nan da haskensa, shiru kawai ya yi, kuma a ɗakin kula shiru na nufin lafiya lau.

A lokacin akwai wata hukuma a sama da kamfanin, MISO, wadda aikinta shi ne sa ido kan layukan yankin gaba ɗaya. Ita ma idonta ya samu matsala tun da tsakar rana. Manhajar da ke tattara awo daga ko'ina ta zana hoton halin da layuka ke ciki ta ƙi daidaita, wani injiniya ya gyara ta da hannu, ya manta bai mayar da ita kan aiki da kanta ba. Da aka farga aka kunna, ta sake ƙi, domin wani layi mai suna Stuart–Atlanta a kudancin Ohayo ya faɗi da ƙarfe 2:02, kuma yana wajen yankin da MISO ke samun bayaninsa kai tsaye. Manhajar ba ta dawo daidai ba sai kusan ƙarfe 4:04.

Awa ɗaya da za a iya ceton komai

Da ƙarfe 3:05 layin Harding–Chamberlin mai bolt 345,000 ya haɗu da itace ya faɗi. Lodin da ke kansa bai kai rabin iyakarsa ba, kashi 44 cikin ɗari ne. Wannan adadi ya wanke zafin rana daga zargi. Layin da ke ɗauke da ƙasa da rabin kayansa bai kamata ya sauko har ya iske reshe ba, sai dai in reshen ne ya hau ya same shi. Kamfanin na sassabe hanyoyin layukansa duk bayan shekara biyar, itatuwan kuwa ba su san da wannan jadawali ba.

Lodin ya koma kan sauran. Iska kuma ta kwanta da yammacin, ba abin da ke fifita wayoyin. Da ƙarfe 3:32 layin Hanna–Juniper ya sauko kan itace, a kan idon wasu masu sassabe da ke aiki a kusa. Da 3:41 layin Star–South Canton, wanda ya riga ya faɗi ya tashi fiye da sau ɗaya a ranar, ya faɗi bai sake tashi ba. Manyan hanyoyi uku da ke shigar da wuta Cleveland daga kudu sun tafi cikin minti 36.

Duk wannan lokaci waya na ta ƙara a ɗakin kula. Kamfanin AEP da ke maƙwabtaka da su, wanda ke riƙe da ɗaya bakin layin Star–South Canton, ya kira tun wajen 2:30 yana cewa ya ga layin ya faɗi ya tashi. Ma'aikatan tashar nukiliya ta Perry sun kira suna cewa matsin wuta na rawa a wurinsu. MISO ta kira. Ma'aikatan FirstEnergy suka duba allonsu, ba su ga ƙararrawa ba, suka fi yarda da allon. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, sai dai abin da suke gani ɗin tsohon labari ne. Ban ga laifin mutum ɗaya a nan ba. An horar da su su dogara da na'urar, ba a horar da su yadda za su gane ta mutu ba.

Da manyan layukan suka tafi, wutar ta gangara kan ƙananan masu bolt 138,000, waɗanda ba a yi su don wannan kaya ba. Daga 3:39 suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har goma sha shida. Matsin wuta a Akron da Cleveland ya yi ta sauka.

Magani ɗaya ya rage, kuma mai ɗaci ne: a yanke wa wasu wuta da gangan. Binciken ya nuna cewa da an sauke lodin megawat 1,500 a yankin Cleveland da Akron kafin ƙarfe 4:05, da akwai kyakkyawan zaton abin ya tsaya a nan. Wani ɓangare na yankin zai yi 'yan awoyi a duhu, shi ke nan. Kamfanin ba shi da tsarin da zai sauke lodi mai yawa haka cikin gaggawa, kuma ba wanda ya fahimci an kai wannan matsayi.

Minti bakwai

Da ƙarfe 4:05 da daƙiƙa 57 layin Sammis–Star ya faɗi. Wannan bai taɓa itace ba, kuma yadda ya faɗi ya cancanci a tsaya a kansa.

Kowane babban layi yana da na'urar tsaro a bakinsa, rile, wadda ke umartar bireka ta buɗe. Irin wadda ke kan wannan layi tana auna matsi, ta auna kwarara, ta raba na farko da na biyu. Amsar ita ce turjiyar da take hangowa a gabanta. A ranar lafiya matsi na sama, kwarara daidai, amsar babba ce. In waya ta haɗu da ƙasa, matsi ya faɗi, kwarara ta yi tsalle, amsar ta zama ƙarama, sai rile ta yanke layin. To, layin da aka yi wa lodi fiye da kima a yankin da matsinsa ya zube, shi ma ga kwarara mai yawa ga matsi kaɗan. A idon rile babu bambanci. Ta ga abin da aka ce in ta gani ta yanke, ta yanke.

Daga nan abin ya fi ƙarfin hannun mutum. Arewacin Ohayo na nan yana jan wutarsa, hanyar kudu ta toshe, sai wutar ta zagaya ta yamma. Wajen 4:09 wasu manyan layuka biyu a Ohayo suka faɗi ta wannan hanyar ta rile. Wutar ta bi ta Indiyana ta shiga Mishigan, ta nufi gabas. Da 4:10 da 'yan daƙiƙu layukan da ke ratsa Mishigan suka yanke. Hanya ɗaya ta rage, ita ce zagaye Tafkin Erie gaba ɗaya: ta Fensilbeniya, ta jihar Niyok, ta tsallaka Ontariyo, ta sauko Detroit ta baya. Fiye da megawat 3,000 suka kwarara ta wannan hanya cikin ƙiftawar ido.

Duk janaretocin da ke haɗe a gabashin nahiyar suna juyawa ne da bugu ɗaya, sau 60 a daƙiƙa, kamar masu daka a turmi guda. Wutar ba a ajiye take ba, abin da ake sha a wannan daƙiƙa a wannan daƙiƙa ake samar da shi. In sha ya fi samarwa bugun ya ragu, in samarwa ta fi sha ya ƙaru. Da wannan girgiza ta zo, janaretocin wani yanki suka saɓa da na wani, layukan da ke tsakaninsu suka buɗe, tsarin ya tsattsage zuwa tsibirai. Tsibirin da lodinsa ya fi janaretocinsa, kamar na Cleveland da na Detroit, bugunsa ya zube. Akwai na'urorin da ke sauke lodi da kansu in bugu ya ragu, sun kuma yi aiki, amma giɓin ya fi abin da aka tanadar musu. Kowane janareta yana da tsaronsa da ke cire shi kafin ya lalace, sai kowa tasa ta fisshe shi. Raka'o'in nukiliya tara a ɓangaren Amurka suka kashe kansu lafiya. Zuwa 4:13 an gama.

Inda abin ya tsaya ma akwai abin lura. Yawancin yankin New England da ke arewa maso gabashin Amurka ya ɓalle da janaretoci da lodi kusan daidai, ya tsira. Wani yanki da ke kewaye da tashoshin ruwa na Niagara ya ci gaba da samun wuta. Lardin Kwibek na Kanada ko gezau bai yi ba, domin layukan da suka haɗa shi da maƙwabtansa na wuta mai tafiya ɓangare ɗaya ne, irin ta batir, don haka bugunsa nasa ne, girgizar ba ta da gadar da za ta hau.

Dawo da wuta da abin da ya biyo baya

Kashewa ta ɗauki minti bakwai, kunnawa ta ɗauki kwanaki. Babbar tasha tana buƙatar wuta kafin ta ba da wuta: famfunan ruwa, injinan niƙa kwal, fankoki, duk lantarki suke ci. Sai an fara da waɗanda ke iya tashi da kansu, galibi na ruwa, a kai wa na kusa, a ƙara lodi kaɗan-kaɗan ana lura da bugu, sannan a daidaita tsibiri da tsibiri kafin a haɗa su. Wurare da yawa sun sami wuta a daren ko washegari, wasu sassan Amurka sai bayan kwana huɗu. Ontariyo, wadda ta dogara sosai da nukiliya, ta yi sama da mako ana karɓa-karɓa. An ƙiyasta asarar Amurka kaɗai tsakanin dala biliyan 4 zuwa biliyan 10. Kayan aikin kansu, taransifomomi da janaretoci, kusan duk sun fita lafiya, kuma na'urorin tsaron nan da suka yaɗa duhun su ne dalili.

Kwamitin ya tattara musabbabin a gida huɗu: kamfanin bai fahimci raunin tsarinsa ta fuskar matsin wuta ba, bai san halin da yake ciki ba a lokacin da abin ke faruwa, bai sassabe itatuwa ba, sannan masu sa ido daga sama ba su ba shi taimakon da ya kamata ba. Ya kuma gano cewa an karya ƙa'idojin NERC, ƙungiyar da kamfanonin wuta suka kafa a 1968 bayan babbar ɗaukewar wutar Nuwamban 1965. Sai dai a 2003 bin waɗannan ƙa'idoji ganin dama ne, wanda ya karya ba a cin sa tara.

Majalisar dokokin Amurka ta sauya wannan a dokar makamashi ta 2005. Hukumar FERC, mai kula da harkar makamashi a gwamnatin tarayyar Amurka, ta ba NERC ikon tilastawa a 2006, ƙa'idojin suka zama dole a watan Yunin 2007. An sake saita rile a kan manyan layuka domin lodi mai nauyi ya daina yi musu kama da haɗuwar waya da ƙasa. Cikin ƙa'idojin akwai guda mai lamba FAC-003, wadda ta shafi tazarar da dole a bari tsakanin babban layi da reshen itace, kuma kamfanin da ya bar itace ya girma har ya taɓa layinsa yana iya fuskantar tarar da dokar ta 2005 ta kai har dala miliyan ɗaya a kowace rana.